An Koma Makaranta, Bazazzagi

Bazazzagi, yaron gidanmu, gaisuwa irin ta ubangida da baransa. Ina fate, ina yakuwa, ina jiran ruwan famfo? Saƙonka ya same ni. Wai ka ji an buɗe makarantu a Kano, shi ne kake tambaya ko na kai yarana aji, ko kuwa na miƙa su Kantin Kwari su fara koyon awon yadi, tunda a faɗarka Bakano ba ya gane baƙi sai wanda aka buga a jikin takardar kuɗi. Har da ƙarin cewa in karatun ya gagare mu, in turo maka su Zariya, birnin ilimi, ku gyara mana su. Na gode da wannan karamci na fatar baki. Na san girman tukunyar gidanka.

To, na kai su, su uku. Babbar ta shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, mai bi mata ya hau aji huɗu, Auta kuwa ranar ce ya fara taka ƙofar makarantar boko. Amma kafin in ba ka labari, bari mu warware wannan tutiya ta birnin ilimi, don ta daɗe tana yi mini ƙaiƙayi a kunne.

Me kuke da shi wanda ba na aro ba? Barewa da kake bugun ƙirji da ita, a Katsina aka kafa ta a 1921, ta yi zaman Kaduna, sai a 1949 ta sauka wurinku da akwatinta. Jami'ar da ke Samaru, Sardaunan Sakkwato ne ya kafa ta a 1962, sunansa take amsawa har gobe. Magana Jari Ce a garinku aka rubuta shi, na yarda, amma Abubakar Imam haifaffen Kagara ne, tashin Katsina. Ku dai kun shimfiɗa tabarma kun ba da masauki, Allah ya ba da lada. Mu kuwa tun 1909 Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe makaranta a Nassarawa, gidansa na nan tsaye, ka zo in kai ka ka gani, kuɗin mota a kanka. Na san abin da za ka jefo mini: wai Jami'ar Bayero a ƙarƙashin ta Samaru ta tashi, sai a 1977 ta tsaya da ƙafarta. Haka ne. Ai ɗan sarki ma a hannun bayi yake tashi.

Sai kuma 2017, shekarar da ba ka so a ambata. Gwamnatin jiharku ta zaunar da malaman firamare kimanin 33,000, ta ba su jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka yanka. Ba ni na ƙirga ba, gwamnanku na lokacin, Nasiru El-Rufa'i, shi ya shelanta wa duniya. Na gaya maka ɗana na tsakiya aji huɗun ya shiga bana. In har kana so in turo shi zan turo, amma ka tanadar masa alli da kujerar gaban aji. Ba zan ja dariyar da tsawo ba, don gidanmu ma da nasa, zan zo kansa.

Mai 'ya'ya ya san komawa makaranta tun ranar da aka ba da hutu take farawa. Yaro zai shigo da gudu ya miƙa maka sakamakon jarrabawa, a bayansa an maƙala wata takarda. Sakamakon nasa ne, takardar taka ce. Ƙananan nawa biyu suna wata makarantar kuɗi ta cikin unguwa, irin wadda gida ne aka fasa ɗakunansa aka rataya allo a ƙofa, ga abin da takardarsu ta ƙunsa: kuɗin zango, yunifom, rigar wasanni, kayan ranar Juma'a, safa mai tambari, da tulin littattafan da ba a sayar da su ko'ina sai a ofishin makarantar. Littattafan nan su suka fi ci mini rai. A cikinsu ake rubuta amsa, saboda haka da shekara ta ƙare sun mutu, ƙani ba zai gaji na wansa ba. A zamaninmu littafi ɗaya sai ya ratsa 'yan gida kaf, ya rabu da bangonsa, ya tsallaka maƙwabta, kuma bai hana kowa iya karatu ba. Wanda ya ƙirƙiro wannan dabara ta yanzu, ko ba a faɗa mini ba, ɗan kasuwa ne. Kada ka ce Bakano ne, ban ba ka wannan ƙofar ba.

Daga nan sai zagayen kasuwa: yadi a Kwari, kular abinci da gorar ruwa a Ƙofar Wambai, jaka da littafin rubutu a Sabon Gari, katan ɗin biskit a Singa ga wanda aljihunsa ya kai. A nan nake so ka tsaya ka duba ɗanka na Tudun Wada daga sama har ƙasa. Sandal ɗin robar da ke ƙafarsa, butar da yake alwala da ita, tabarmar da yake zama a Islamiyya, ledar da aka ƙulla masa ƙosai, biskit ɗin da ke jakarsa, bi sawunsu ka gani in mafi yawa ba daga Sharaɗa ko Challawa ko Bompai aka loda su a mota aka bi da su ta Na'ibawa zuwa garinku ba. Ni da kaina a wani kamfanin roba nake cin abinci a Sharaɗa, na san abin da ke fita ta ƙofar. Ku ba da satifiket ɗinku, mu ne muke ba da takalmin da za a taka a je karɓo shi. Masana'antar da ta yi suna a garinku ta taba sigari ce, na kuwa duba takardar makarantar nan sama da ƙasa ban ga an nemi karan sigari ba.

Yadin ne kawai ba na iya ɗaga murya a kansa. Wanda na yanko a Kwari daga ƙasar Sin ya zo. Masaƙar Bagauda da ta Gaskiya sun zama labari, ku ma na Kakuri sun bi sahu: KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Kakannin yaran nan sun yi aiki a masaƙa, jikokinsu suna sa yadin da ya ƙetaro teku. A nan ba mai yi wa wani dariya.

Tela kuwa a makon komawa makaranta kamar jajiberin Sallah yake, ya karɓi ɗinkin unguwa guda, kowa ya yi masa alƙawarin gobe. Namu sai bayan sallar isha ta ranar Lahadi ya saki, wandon Auta ya zarce ƙafarsa da taƙi guda. Da na yi magana ya ce ai yaro girma yake yi. Uwarsu ta goyi bayansa, don ta riga ta lissafa shekara nawa wandon zai yi.

Aka zo guga, babu wuta. Ka ji abin mamaki: babbar tashar da ke karɓar lantarki daga layin ƙasa ta raba wa Kano da Katsina da Jigawa a nan Kumbotso take, manyan turakunta muna hango su daga soro, amma dutsen guga na gawayi muka hura. Na zauna na yi nazari na gano bakin zaren. Layin daga Mando yake tasowa, ta ƙasarku yake ratsowa kafin ya iso mu. Ku ne kuke tsotse ta a hanya, ba wani ba. Wasa a gefe, Bazazzagi, wuta a wurinmu ba ta guga da kallo ba ce kawai. In ta ɗauke injin ya tsaya, in injin ya tsaya a sallami leburan da ake biya kullum-kullum, in aka sallame shi ranar da makaranta ta fara koro masu bashi ɗansa na sahun gaba. Oktoban 2024, da Arewa ta yi sama da mako a duhu, mun ga haka da idonmu. Kai da albashinka ke zuwa ko an yi aiki ko ana yajin aiki, ba lallai ka gane ba.

Da safe titin Panshekara da na Sharaɗa runduna biyu suke ɗauka a lokaci guda. Ga ma'aikata, a ƙafa da keke da motar kamfani, masu safe suna sauri kada a rufe ƙofa, masu aikin dare suna fitowa ido jawur. Ga kuma 'yan makaranta, fari da kore, fari da shuɗi, hijabai sun sha guga. Akwai maƙwabcina da ya kwana tsaye a gaban inji, ya dawo bai ko zauna ba ya jera yara a kan babur, ɗaya a tanki, biyu a baya, ya kai su sannan ya zo ya kwanta. Tun da aka hana acaɓa a 2013 ɗan sahu ya zama sarkin hanya, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta zarce 1,000 a 2024, sarkin ya daina karɓar roƙo. Wanda yake kwasar yaran layinmu a wata ya ƙara kuɗi, ya kuma ƙara yara. In ka leƙa adaidaita sahun nan ba abin da kake gani sai kawuna da jakunkuna, ga tirela tana huci a bayansu. Duk uban da ya tsaya ya kalli wannan lodin yana tafiya, addu'ar da yake yi ba ta cin jarrabawa ba ce.

In iska ta juyo daga Challawa kuma sai ta kawo warin majema, wanda mu mun saba har ba ma ji, baƙo ne ke toshe hanci. Fatar da ake jemewa a nan Italiya da Sifen take tafiya, a yi takalmin da albashina na wata ba zai saya ba. 'Ya'yan masu jemar kuwa roba suke takawa.

Auta ya cika mana kunne duk tsawon hutu da zancen makarantarsa. Daren Lahadi da sandal a ƙafa ya yi barci. Muna isa ƙofa ya ga mai gadi da sanda, ya ji kukan 'yan rabin aji yana tashi daga ciki, sai ya nannaɗe hannu a ƙafata ya ce mu koma gida ya fasa. Wata malama, Allah ya saka mata, ta durƙusa ta tambaye shi sunansa, ta yaba jakarsa, ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya ta shige da shi, ta yi mini alama da hannu in tafi. Na tafi, amma iyakata bayan katanga. A can na tarar da 'yan'uwana iyaye maza, kowa ya kafa waya a kunne ko yana gyaran abin da bai lalace ba a jikin babur, kowa kuma kunnensa na cikin makaranta yana tace muryar nasa daga cikin kukan. Ba wanda ya kalli wani. Mazan Kano ne fa, masu cewa tarbiyyar yara sai mata.

Abin da ya ba ni mamaki, yaron nan ya daɗe yana zuwa makarantar allo da yamma bai taɓa kuka ba. Amma da na duba, can ba a san wata ranar farko ba. Malam maƙwabci ne, zauren ya saba wucewa ta gabansa, yayarsa ce ta riƙe hannunsa wata rana ta zaunar da shi kusa da ita, kuɗin Laraba kawai ake aikawa. Boko ce ke da ƙofar ƙarfe da ƙararrawa da takarda.

Mu a namu lokacin ba a tambayar takardar haihuwa. Hedimasta zai ce ka ɗora hannu ta saman kai ka kamo kunnen ɗaya gefen. In ya kai an rubuta ka, in bai kai ba sai baɗi. Haka aka tace yayyenmu da aka kwasa a UPE ta 1976, haka aka tace mu. Kai na sami labari sai da aka mayar da kai gida shekara biyu a jere. Ba gajartar hannu ba ce, girman kai ne, irin na gado.

Bari in ba ka makami da hannuna, tunda ko na ɓoye uwarsu za ta gaya wa matarka. Da aka tashi Auta ya dawo da fara'a, ba gorar ruwa, safa ɗaya, amma da naira hamsin a aljihu. Aka tsare shi da tambaya, ashe biskit ɗin da aka sa masa na tara ya sayar wa na kusa da shi. Me aka koya muku? Bai riƙe ba. Nawa ya sayar? Wannan ya riƙe. Yi dariyarka ka more.

Babbar kuwa makarantar gwamnati na kai ta, a nan ne maganar gidanmu ta zo. A takarda ba mu da abin kuka. Kwankwaso ya ciyar da 'yan firamare ya ɗinka musu yunifom tun zangonsa na farko. Ganduje ya ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019. Abba Kabir Yusuf ya sa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, kuma a wajen taron da bakinsa ya ce yara miliyan 4.7 a ƙasa suke zama su ɗauki darasi. Ka ga mu ma ba ma jin kunyar tona kanmu. An yi gyare-gyare tun daga lokacin, an yi fenti, an raba yunifom, ba zan ƙi faɗa ba. Amma ajin da 'yata ta shiga, bencin mutum uku biyar ne a kai, waɗanda suka makara suka shimfiɗa ɗankwali a gaban allo. Malamar da ke kiran suna sai da muryarta ta dushe ba ta kai ƙarshen rajista ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Kumbotso mutum kusan 300,000. Je ka ga Ɗanbare da Zawaciki da Gaida da Wailari yau: gonakin da muka sani duk sun zama gidaje, birni ya tumbatso ya zubo mana, masu neman aikin kamfani sun zo daga ko'ina sun yi aure sun hayayyafa. Bulo yana gudu, aji yana rarrafe. Ni a ganina, in kuɗi ba zai isa komai ba, a fara da malami da benci, fenti ya jira. Yaro bai taɓa koyon karatu daga jikin bango ba, kuma malamin da aka tara wa yara fiye da yadda zai iya riƙe sunayensu, tsaro yake yi, ba koyarwa ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a wannan rana ba a makaranta na gan shi ba, a ƙofar kamfani ne, da azahar. Lokacin hutu duk yaran unguwa ɗaya suke: tare suke ƙwallo, tare suke ɗibar ruwa, ba ka bambance ɗan wane da ɗan wane. Ranar Litinin ɗin nan yunifom ya raba su. Da aka buga jiniyar cin abinci muka fito, ga 'yan matan da ke kawo mana ɗanwake da awara da garau-garau sun jera robobinsu a gindin katanga yadda suka saba. Sa'o'in 'yata ne, wata ma tare suke zuwa hadda ranar Asabar. Ga yara maza da buhu a kafaɗa suna tsintar robar da za su kai a auna musu a kilo, a narka, ta dawo ta zama sandal ɗin wani. Jiya ba wanda zai lura da su. Yau da titi ya yi shiru, su kaɗai suka rage a kai.

Na san abin da za a ce, iyayensu ne ba sa so. Wasu haka ne. Amma na san gidan da cinikin robar ɗanwaken nan shi ne cefanen dare, shi ne kuma adashen kayan ɗakin yarinyar. Ka ce wa uwar makaranta kyauta ce, sai ta tambaye ka wa zai biya ta cinikin wunin, wa zai sayi yadi da takalmi da littafi. Dokar dole ba ta amsa wannan tambaya ba tukuna. Kuma kada ka yi mini murmushin nan naka, na ga irinsu a Kwangila da Ƙofar Doka, ba daga Kano aka yi muku jigilarsu ba.

Ka tambaye ni me nake nema wa nawa. Ba wani dogon buri ba ne. Kamfanonin nan ƙofa biyu gare su, ƙarama da muke bi a jere ana laluba mu, da babba da ake buɗe wa mota. In babban inji ya lalace, sau da yawa sai an ɗauko mai gyara daga Indiya ko Sin, mu muna tsaye muna miƙa masa sifana. So nake wata rana in aka ce a kira injiniya, a kira ɗan Kumbotso. Hanyar tana nan: makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa tun 1977 suke fitar da likitoci da injiniyoyi, ga jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil. In kuma rabo ya ja ɗayansu zuwa Samaru ba zan hana ba, ai dole wani ya je ya duba mana lafiyar barori. Ka dai fara share ɗakin zaure, kuma ka sani ɗana ba zai ci fate safe da rana da dare ba.

Saura maganar kuɗin shara da kake zuwa karɓa duk watan Cika-ciki. Na bana mai zuwa ka cire rai, takardar makaranta ta cinye shi har da na baɗi. In ka matsu ka zo ka yi sharar kyauta, tsintsiya na nan. Abin da na yanka maka a madadinsa shi ne wannan: a layinku akwai yaron da bai sa yunifom ba ranar Litinin, ka san shi, ka san gidansu. Ka je ka zauna da ubansa, ka yanko yadi, ka sayi sandal da littafin rubutu dozin guda, ka riƙe hannunsa ka kai shi, ba a rufe rajista ba. Ni ma na yi magana da wani gida a layinmu. In ka yi, ka aiko mini da shaida ta hannun direban Zariya, ya sauke a tashar Na'ibawa. In ba ka yi ba, kada in ƙara jin kalmar birnin ilimi a bakinka.